In Kunne Ya Ji

A Buea aka haife ni, a gindin Dutsen Kamaru, a nan kuma aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya biyo fatauci daga Garwa, ya tarar da gari mai sanyi da albarkar ƙasa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Wanda ya san Buea ya san ba a tambayar inda dutsen yake. In ka buɗe ƙofa da sassafe, matuƙar hazo bai rufe ba, ga shi nan tsaye a kanka, tsayinsa ya haura mita 4,000. Muna yara abin da muka sani a kansa bai wuce uku ba: daga can sanyi yake saukowa, daga can ruwa yake gangarowa, sannan duk shekara ana tseren hawansa, mu fita bakin titi muna yi wa masu gudu tafi. Maganar cewa akwai wuta a cikinsa, a makarantar boko aka gaya mana, da Turanci, muka haddace saboda jarrabawa, muka bar ta a can. A gida ban taɓa jin an zauna an yi zancen ba. Baba ya ga aman wutar 1982, amma da yake can sama abin ya faru, nesa da gari, a wurinsa bai fi gobarar daji ba.

Sai ga ƙarshen watan Maris na 1999, ina da shekara 12. Abin ya faɗo daidai kwanakin Babbar Sallah, shi ya sa har yau in na ji ƙamshin suyar layya sai gabana ya ɗan faɗi. Inna tana tsakar gida gaban kasko, ni da ƙanwata mun sa ta a tsakiya muna jiran a miƙo mana tsoka, sai na ga man da ke cikin kaskon yana kai-komo alhali ba wanda ya taɓa shi. Kafin in buɗe baki muka ji kwanukan jeren Inna sun zubo a ɗaki. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu kamar mutum ya tsaya a bayan babbar mota tana bin gargada. Baba ya fito yana salati, yana cewa kowa ya fita waje. Inna kuwa, maimakon ƙofar gida, sai ta nufi ɗaki, wai za ta ɗauko akwatinta. Baba ne ya fizgo ta. Muna fita muka ga katangar bulo ta maƙwabcinmu ta kife a kan lungun da muke wasa kullum.

Ranar 28 ga watan dutsen ya buɗe baki. Da dare ya yi, sararin sama ta ɓangaren teku ya yi ja, ana jiyo rugugi daga nesa kamar tsawar da ta ƙi ƙarewa. Duk unguwarmu ta Hausawa ta hallara a fili, mata da yara a kan tabarmi, maza a tsaitsaye, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. A nan na ga Baba da Kawu, yayan Inna, suna musu irin wanda ban taɓa gani tsakaninsu ba.

Kawu ya ce, “Malam, mu kwashi yara mu hau tudu. Duk wanda ya kwana a ƙasa ba zai tashi ba. Na ga wannan abu da idona.”

Baba ya ce, “Haba Alhaji, tudun da wutar take a kai? Mota za mu nema mu gangara Mutengene, in ta kama mu wuce Duwala.”

Wani ya dawo daga tasha ya ce babu mota, waɗanda suka rage kuma kuɗin da suke yankawa ba na talaka ba ne. Aka kunna rediyo. Sanarwar da Turanci take, a maimaita ta da Faransanci. Inna ba ta jin ko ɗaya, Baba kuma iyakarsa burokan kasuwa. Sai aka turo ni gaba, tunda ni ne ɗan boko. Na kasa kunne iya ƙoƙarina. Mai sanarwa ya ce jama'a su kwantar da hankali, hukuma tana sa ido. Inna ta kama hannuna ta ce, “To me ya ce? Mu tsaya ko mu tafi?” Mutumin bai ce ko ɗaya ba. Ni kuma na ga idanun manya duk a kaina, na ji kunyar in ce ban gane ba, sai na ce, “Ya ce mu tsaya.” Ƙarya na yi. Da wannan ƙaryar ta yaro ɗan shekara 12 gidanmu ya yanke shawara a daren nan. Allah ya rufa asiri ta dace da gaskiya, amma na sha kwana ina tunanin da a ce ba ta dace ba.

Wadda ta kwantar mana da hankali a zahiri wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Bakweri, mutanen da dutsen yake nasu tun kaka da kakanni. Ganyen miya take sayarwa, ta saba da Inna. Ta zo da sandarta ta zauna a bakin tabarmarmu, ta yi magana da buroka a hankali yadda Baba zai gane. Ta ce ta ga na 1959, ta ga na 1982, mahaifiyarta kuma ta ba ta labarin na 1922, wanda narkakken dutse ya gangara har cikin teku. Ta ce wutar ba ta wannan fuskar take ba, ta fuskar teku take. Ta ce abin tsoro a daren nan bango ne, kada kowa ya kwana a ɗaki ko ya jingina da katanga. Ta ce mu rufe randunan ruwa saboda toka, mu kuma nisanci kwazazzabai, don duk abin da dutsen zai aiko ta nan yake biyowa. Cikin 'yan mintoci ta ba mu abin da rediyo bai ba mu ba. Shekaru aru-aru muna gaisawa da ita, muna sayen ganyenta, ba wanda ya taɓa tambayarta komai a kan dutsen.

Sai bayan kwanaki na samu Kawu ya gaya mini dalilin da ya dage sai an hau tudu. Shi dillalin shanu ne, a da yankin Wum yake zuwa saye, can Arewa maso Yamma. Yana da aminai cikin Fulanin da ke kiwo a kewayen tafkin Nyos, wani tafki mai zurfin sama da mita 200 da ke zaune a bakin tsohon ramin aman wuta. Daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, mutanen wurin suka ji wata ƙara daga tafkin. Ba wuta, ba ambaliyar da ta ci gari. Iska ce kawai ta taso daga ruwan, ta bi kwari ta gangara kan ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Gari bai waye ba sai da mutum 1,746 suka riga mu gidan gaskiya, tare da dabbobi sama da 3,000. Kawu ya isa yankin bayan 'yan kwanaki yana neman wani amininsa. Ya ce shanu ne kwance birjik kamar an shanya su, bukkoki a tsaye, tukwane a kan murhu, ba abin da ya karye. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shirun wurin. Ya ce shi da ya tashi cikin mahauta ya san nama ba ya kwana a fili ba ƙuda, amma waɗanda suka fara shiga sun shaida masa ko ƙuda ba su gani ba, don su ma iskar ta kashe su. Ya tarar da amininsa da rai, saboda a daren yana kan tudu wajen garke. Iyalinsa da suke ƙasa babu wanda ya tashi.

Daga baya, da na yi karatu, na fahimci yadda abin ya faru. A ƙarƙashin tafkin akwai iskar da ake kira kabon dayoksayid, wadda ke tsattsafowa daga cikin ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama kuma ya danne ta, tamkar yadda murfi ke danne iskar da ke cikin kwalbar lemo. Shekara da shekaru tana taruwa. Ranar da wani abu ya motsa ruwan, sai ta yi toroƙo ta fito gaba ɗaya. Ita wannan iska ba ta da launi, kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, saboda haka ba ta tashi sama, gangara take bi kamar ruwa, ta kwanta a kwari ta kore iskar numfashi. Fitila ta mutu, mutum ya ji jiri, ya faɗi, shi ke nan. Wanda ya hau tudu ya tsira. Ashe gaskiyar Kawu ce, amma gaskiyar Nyos ce ya ɗauko zai yi mana aiki da ita a Buea, inda hawa sama yake nufin tunkarar bakin wuta. Guntun sani ya yi kusan kai mu inda jahilci ma bai kai mu ba.

Akwai abu biyu a labarin Nyos da suke ci mini rai. Na farko, shekara biyu kafin nan, a watan Agusta na 1984, irin wannan iska ta fito daga tafkin Monoun kusa da Foumbot ta kashe mutum 37. Wato gargaɗi ya riga ya zo. Amma zancen ya tsaya tsakanin masana da ofisoshi, bai kai rugar da take kwana a gefen wani tafkin irinsa ba. Na biyu, tsofaffin mazauna yankin suna da tatsuniyoyi na tafkuna masu fushi, al'adarsu kuma ita ce gina gida a kan tudu. Waɗanda suka zo daga baya, saboda kasuwa da noma da kiwo, su suka cika kwari, don nan ne ƙasa mai kyau da ciyawa. Da na ji wannan sai na ga kanmu. Mu Hausawa mutanen tafiya ne. Duk inda ake ciniki za ka same mu, daga Kumasi har Kartum. Muna saurin koyon farashin gari da harshen kasuwarsa, amma ba mu cika tambayar abin da ƙasar wurin take yi wa mutanenta in ta fusata ba. Ɗan gari ya gaji tsoronsa daga kakarsa. Baƙo kuwa, in ba a zaunar da shi an gaya masa ba, ba inda zai samo shi.

An yi aiki a Nyos bayan haka, ba za a ce ba a yi ba. A 2001 aka kafa bututu na farko da ke zuƙo ruwan ƙasa yana fesar da shi sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, a 2011 aka ƙara biyu, an kuma sa na'urar jiniya da za ta yi kuka in iskar ta yi yawa. Amma jiniya ba ta gaya wa mutum inda zai nufa. In ta yi kuka cikin dare, wanda ba a koya masa ba gangara zai bi, don nan ƙafa ta fi sauri, nan kuma ajali yake kwance. 'Yan'uwa na Najeriya ma kada su ce wannan zancen Kamaru ne kawai. Ruwan da ke fita daga Nyos kogin Katsina-Ala yake faɗawa, kuma tsoron ɓallewar bangon tafkin yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a jihar Taraba.

In koma kan namu dutsen. A tsakiyar watan Afrilu na shekarar nan ta 1999, narkakken dutsen ya isa kusa da ƙauyen Bakingili, ya ratsa gonakin kwakwar manja, ya datse titin Limbe zuwa Idenau, ya tsaya gab da teku. An riga an kwashe ɗaruruwan mutanen ƙauyen. Baba ya kai mu muka gani. Wani baƙin tsauni ne ya fi gida tsayi, yana tafiya a hankali, duwatsu suna ɓarɓashi daga gabansa, ja yana leƙowa ta tsaga, zafi yana dukan fuska tun daga nesa. Mutanen ƙauyukan bakin teku sun sha wahalar toka, idanu jajaye, tari, ruwan sha ya ɓaci. Shekara ta zagayo, a watan Mayu na 2000, dutsen ya sake tashi, wannan karon ta fuskar da ta fi kusa da mu. Muka sake fita fili, muka sake musu, aka sake turo ni gaban rediyo. Ba abin da muka ƙaru da shi a cikin watannin nan 14.

Yanzu ni malamin makaranta ne, da yamma kuma ina taimakawa a Islamiyyar unguwa. Shekaru sun ja, dutsen ya yi shiru, mu ma muka yi shiru. Garin ya cika ya batse, musamman da rikicin yankinmu ya koro mutane daga ƙauyuka, gine-gine suna ta hawa tudu, wasu har cikin hanyar ruwa. Abin da ya tashe ni shi ne daren 22 ga Mayu 2021, da dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta a kan birnin Goma na ƙasar Kwango. Na ga hotunan mutane da katifu a ka suna gudu cikin duhu, na ji labarin yaran da suka rabu da iyayensu a cikin turmutsutsu. Wannan dutse ya taɓa shiga tsakiyar Goma a 2002, kuma shi narkakken dutsensa gudu yake kamar ruwa, ba irin tafiyar hawainiyar da na gani a Bakingili ba. Na dubi 'yata, shekarunta sun kusa nawa na wancan lokaci, na tambaye ta, “In ƙasa ta girgiza kina makaranta, ina za ki same mu?” Ta ce, “Baba, gida zan gudo.” Na ce, “In ba ma gida fa?” Sai ta yi shiru.

Na je na samu limaminmu na roƙi minti goma bayan sallar La'asar. Na shirya abin da zan faɗa da Hausa tsantsa, daga abin da na karanta da abin da na tambayo wajen masu nazarin dutsen, waɗanda suke da na'urorin auna motsin ƙasa a Ekona. Na ce wa jama'a haɗarin dutse ba iri ɗaya ba ne, kowanne da maganinsa. In girgiza ce, a nisanci katanga da wayar wuta, wanda ta rutsa da shi a ɗaki ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ya kare kansa, kada kowa ya koma ɗauko kaya. In narkakken dutse ne ko laka, kwazazzabo suke bi, a fita daga hanyarsu ta gefe, ba a yi tsere da su a gangara ba. In toka ce, a rufe ruwa da abinci, a ɗaura ƙyalle a hanci da baki, a share kwanon rufi kafin ta yi nauyi, a ba dabbobi harawar da aka adana. In kuwa mutum yana kusa da tafki irin Nyos ya ga tsuntsaye suna faɗowa ko fitila ta mutu ba iska, ya hau tudu nan take, kada ya sunkuya cikin kwari don ɗauko wanda ya faɗi. Na ce kowane gida ya haɗa takardunsa da magungunansa a jaka ɗaya, ya tsayar da wurin haɗuwa wanda har ƙaramin yaro ya sani, a kuma san tun yanzu wa zai goyi tsohuwar da ba ta iya tafiya.

Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce, “Malam, in ajali ya zo, jakar takardu ce za ta tare shi? Kakanninmu sun zauna a nan ba su yi wannan ba, ga mu.” Wasu suka gyaɗa kai. Na rasa ta cewa, don ba tsarana ba ne da zan ja da shi. Liman ya yi gyaran murya ya tuna mana da labarin mai raƙumin nan da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Sai na ga Kawu yana dafa bango yana miƙewa. Ya tsufa sosai, muryarsa tana rawa. Shekara 35 bai taɓa ba da labarin Nyos a bainar jama'a ba, sai ranar. Ya faɗi abin da ya gani tiryan-tiryan, ya ƙare da cewa, “Mutanen nan sun fi mu tawakkali. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai ce musu su hau tudu. Ni kuma da na sani, na so in kai ku cikin wuta da sanin nawa. Ku bar yaron nan ya gama.” Masallaci ya yi tsit. Dattijon nan ya ce, “Ci gaba, Malam.”

Ba wani abin a zo a gani muka kafa ba. Ba mu da ofishi, ba mu da kuɗi. Mun dai raba unguwa layi-layi, kowane layi da mutum biyu da suka san tsofaffi da marasa lafiyar cikinsa. Mun zaɓi fili ɗaya na haɗuwa, nesa da kwazazzabo. Mun amince in abu ya faru mutum uku ne za su saurari sanarwar hukuma su fassara ta da lasifikar masallaci, abin da aka faɗa kawai, ba ƙari, don saƙonnin WhatsApp sun fi girgizar kanta tayar da hankali. Matata ta ɗauki nauyin mata, tana bin gidajen suna da biki, don mun lura in ka gaya wa maigida a masallaci sau da yawa zancen a bakin ƙofa yake tsayawa, alhali in abu ya faru da rana mata da yara ne a gida. Sau ɗaya a zango kuma muna fitar da 'yan Islamiyya su taka da ƙafa har filin, suna yi suna dariya, su a wurinsu wasa ne.

A watan Maris na 2023 aka yi ruwa mai ƙarfi a kan dutsen, laka da duwatsu suka gangaro cikin Buea, har aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ba aman wuta ba ne, amma ta hanyar da tsohuwar nan ta faɗa mana ya biyo. Ina can wani gefen gari na taho a guje, zuciyata a hannu. Na tarar da 'yata a filin nan, ta riƙe hannun ƙannenta biyu, Inna kuma tana zaune a kan kujerar da wani saurayin layinmu ya ɗauko mata, jakar takardu a cinyarta. Ta dube ni ta ce, “Ka ga yau ban koma ɗauko akwati ba.”

Tsohuwar Bakweri ta daɗe da rasuwa, ban taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba. Dutsen kuwa yana nan, ya yi a 1909, ya yi a 1922, ya yi a 2000, ba wanda ya ce ya gama. Ɗan'uwa mai karatu, ko a gindin dutse kake, ko a bakin kogi, ko a wani gari da neman abinci ya kai ka, ka nemi tsohon wurin ka tambaye shi abin da ƙasar take yi, abin da ka ji kuma ka kai shi cikin gida da harshen da Innarka take ji. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu, amin.